'Yan Taurin Kan Da Su Ka Ƙera Wa Duniya Kwaɗo

Mai karatu, idan ka na cikin masu bibiyar tsofaffin finafinan Amurka, wataƙila ka taɓa cin karo da Sneakers, wanda ya fito a watan Satumba na 1992. Darakta Phil Alden Robinson ya tara manya a cikin sa: Robert Redford, Sidney Poitier, Ben Kingsley, Dan Aykroyd, ga kuma matashi River Phoenix. Labarin wasu gwanayen kwamfuta ne da bankuna ke biya su fasa musu tsaro don a gano inda ɓaraka ta ke. Rannan sai wasu mutane su ka zo da sunan hukumar leƙen asiri ta NSA, su ka tilasta musu sato wani ɗan baƙin akwati daga hannun wani masanin lissafi. Ashe akwatin nan babu kullallen saƙon da ba ya buɗewa, na banki ne, na filin jirgin sama ne, ko na hukumar lantarki. Duk wanda ya riƙe shi, to asirin kowa ya na tafin hannun sa.

A matsayin fim, Sneakers ba zai hana ka barci ba. Barkwanci ya fi yawa, kuma bos ɗin, wato Kingsley, ya cika surutu. Amma lissafin da aka nuna a allo ba na bogi ba ne. Farfesa Leonard Adleman su ka ɗauko ya tsara musu shi, ya ce ya yarda in dai za a haɗa matar sa da Redford su gaisa. Riƙe sunan Adleman, za mu dawo kan sa. Abin da ya sa na fara da fim ɗin shi ne watan da ya fito. A cikin wannan Satumbar, yayin da 'yan kallo ke cin gugguru a silima, wasu mutane da ba su fi talatin ba su ka zauna dirshan a ƙasa a wani gida da ke Oakland, jihar Kalifoniya, domin mai gidan bai daɗe da tarewa ba, ko kujerun kirki babu. A watan ne kuma aka saki fitowa ta biyu ta wata manhaja mai suna PGP. Su waɗannan mutane kishiyar akwatin Redford su ke nema: kwaɗon da babu gwamnatin da za ta iya ɓallewa, kuma a raba wa kowa kyauta. Ɗan rubutun nan da ka ke gani a saman hirar ka ta WhatsApp, mai cewa daga kai sai wanda ka aika wa ne kawai za ku iya karantawa, to jikan wancan zaman ne.

Ɓoye magana dai ba yau aka fara ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaurance, inda 'yan mata za su yi da kai ka na tsaye ba ka sani ba. Sarakuna da sojoji kuwa a rubuce su ke nasu. Tun a ƙarni na 9 Al-Kindi na Bagadaza ya bayyana yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga haruffan da su ka fi yawan fitowa. Sai dai duk dabarun nan ciwon su ɗaya: makullin da ya kulle shi ne ke buɗewa. Kafin na aiko maka da saƙo sai mun haɗu mun tsayar da makulli, ko na damƙa shi ga ɗan aike amintacce. Gwamnati na da 'yan aike da jakar jakadanci. Talaka fa? Shi ya sa a Amurka ilimin ya zama kamar gadon gidan NSA, wadda aka kafa a 1952. Ita ke kwashe gwanayen lissafin, ita ke rufe sakamakon.

A 1976 wasu mutum biyu a Jami'ar Stanford, Whitfield Diffie da Martin Hellman, su ka kawo shawarar da ta birkita komai. Diffie ɗin nan ya yi watanni ya na yawo a mota daga gari zuwa gari, ya na neman duk wanda zai yarda ya yi masa maganar rubutun sirri. Shawarar ita ce a raba makulli gida biyu. Ɗauka ka sayi kwaɗuna dubu iri ɗaya, ka bar su a buɗe, ka raba a kasuwa ga duk mai so. Wanda zai aiko maka da saƙo sai ya sa a akwati, ya danna kwaɗon ka. Da ya ce ƙas, shi kan sa ba zai iya buɗewa ba, sai kai mai makullin da bai taɓa barin aljihun ka ba. Kwaɗon shi ne makullin fili, na aljihun shi ne makullin sirri.

Shekara guda bayan nan, 1977, mutum uku a jami'ar MIT su ka samo lissafin da zai yi wannan aiki: Ron Rivest, Adi Shamir da mutumin mu Adleman. Farkon sunayen su ne ya ba da RSA. Dabarar ta tsaya ne kan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kan su. In na ce ka ninka 61 sau 53, nan take za ka ce 3,233. Amma in na ba ka 3,233 na ce nemo min lambobin da su ka haife ta, sai ka yi ta gwaji. To ina ga lamba mai tsawon layi uku? A watan Agusta na shekarar Martin Gardner ya buga wata lamba mai alƙaluma 129 a mujallar Scientific American, da kyautar dala 100 ga wanda ya warware. Aka yi hasashen sai an share shekarun da su ka fi ƙarfin ƙidaya. Wani abin tausayi, ma'aikatan leƙen asirin Ingila sun riga kowa ganowa, Clifford Cocks ya samo irin lissafin RSA tun 1973, amma aka kulle a durowa har 1997. James Ellis, wanda ya fara kawo tunanin, ya rasu makonni kaɗan kafin a bayyana sunan sa. Allah Sarki!

Yanzu ga ilimi a takarda, amma wa zai kai shi gidan mutane? A nan 'yan sha'awar kwamfuta su ka shigo. A 1975 irin su su ka fara taruwa a wani garejin mota a Menlo Park da sunan Homebrew Computer Club, kowa ya zo da abin da ya harhaɗa ya nuna, a kwafa kyauta. Daga cikin su Steve Wozniak na Apple ya fito. Zuwa shekarun 1980 dubban irin su na haɗa kwamfutocin su ta layin tarho cikin dare, lokacin da kuɗin kira ya fi sauƙi. Al'adar su ita ce in ka iya abu ka koyar, in ka rubuta manhaja ka saki.

Philip Zimmermann ɗan wannan al'ada ne. Mai rubuta manhaja ne a garin Boulder na jihar Kolorado, ba farfesa ba, ba attajiri ba. Ɗan gwagwarmayar yaƙi da makaman nukiliya ne, har an taɓa kama shi a wajen zanga-zanga a filin gwajin bam na Nebada. Ya san yadda hukuma ke sa wa ƙungiyoyi ido. A farkon 1991 aka gabatar da wani ƙudiri mai lamba 266 a Majalisar Dattawa, wanda Sanata Joe Biden ya kawo, a ciki akwai sakin layin da ke nuna kamfanonin sadarwa su tabbatar gwamnati za ta iya samun saƙonni a warware. Zimmermann ya ga in bai yi sauri ba za a rufe ƙofa. Ya ajiye aikin neman abinci, ya yi watanni biyar bai biya bashin gidan sa ba, saura ƙiris a ƙwace. A watan Yuni na 1991 ya gama. Sunan da ya ba ta, wanda aka taƙaita PGP, ma'anar sa kamar ka ce "sirri mai ɗan dama-dama", ya aro ne daga sunan wani kantin wasa a shirin barkwanci na rediyo. Ya miƙa wa abokai, su ka ɗora ta a intanet. An ba da labarin ɗaya daga cikin su ya riƙa yawo a mota daga wannan wayar kan titi zuwa waccan, ya haɗa kwamfuta ya tura na 'yan mintoci, ya ƙara gaba. Da a fim ka gani sai ka ce marubucin ya yi zuƙu.

PGP ta farko ba ta da ƙwari yadda ya zata. Ban da RSA, ya saka wata dabarar cakuɗa haruffa da ya ƙirƙira da kan sa. A wajen wani taron masana a shekarar, Eli Biham na Isra'ila ya duba ta a kan teburin cin abinci, cikin ɗan lokaci ya nuna masa ramukan da ke ciki. Zimmermann bai yi girman kai ba, ya watsar da tasa ya ɗauko IDEA, ƙirar Suwizalan. A nan ne sakin manhaja a fili ya yi rana, domin kowa na iya leƙa cikin ta ya ga kuskure. 'Yan sa-kai su ka taso daga ƙasashe, irin su Branko Lankester a Holan, Peter Gutmann a Niyu Zilan, da Hal Finney a Kalifoniya, mafi yawa ba su taɓa ganin fuskar juna ba, babu mai biyan su ko sisi. Su ne su ka haɗa fitowa ta biyu ta Satumba 1992, kuma da gangan aka sake ta daga wajen Amurka.

A cikin wannan fitowa akwai abin da ni a gani na ya fi lissafin ban sha'awa. Koma kan misalin kwaɗo. Wani ya miƙo maka kwaɗo ya ce na Malam Wane ne. Yaya za ka tabbatar? In na maƙiyi ne da ya manna sunan Malam Wane, ai ka kulle asirin ka ne ka kai wa maƙiyi da hannun ka. Lissafi ba ya maganin wannan. Kamfanoni da gwamnati su na ganin a kafa babban ofishi mai buga hatimi a kan makullin kowa. Zimmermann ya ce a'a, mutane su shaidi juna. In na san ka ido da ido, na tabbatar makullin nan naka ne, sai na sa masa hannu da nawa. Wanda ya yarda da ni, ya kuma yarda ba na shaidar zur, zai karɓi makullin ka ko bai taɓa ganin ka ba. Ɗalibin hadisi ba zai sha wahalar gane wannan ba, isnadi ne: wane ya ji daga wane, kuma ana duba adalcin kowane mai ruwaya.

Daga nan aka samu wani irin biki da babu kiɗa babu abinci mai yawa, bikin sa hannu a makulli. Za a taru a aji ko ɗakin taro ko gidan shan shayi. Kowa ya zo da takarda ɗauke da tambarin makullin sa, wato wasu jerin lambobi da haruffa da babu makulli biyu masu iri ɗaya, ya kuma zo da fasfo ko lasin tuƙi. Mutum zai miƙe ya karanto nasa da ƙarfi, saura na bi da biro su na dubawa. Sannan a yi sahu biyu ana fuskantar juna, ka duba hoton katin mutum, ka ɗaga kai ka dubi fuskar sa, ka matsa gaba. Sai an koma gida kowa zai sa hannun. Dubi abin dariya: mutanen da su ka fi kowa son ɓuya, su ne ke layi su na nuna wa baƙo katin shaida. Amma haka abin ya ke, ba a yin sirri da wanda ba a sani ba.

Su kuwa mutanen gidan Oakland, uku ne jagororin su. Eric Hughes mai gidan, masanin lissafi. Tim May, injiniyan Intel da ya tara abin sa ya yi ritaya tun ya na ɗan shekara 34. Sai John Gilmore, ma'aikaci na biyar a kamfanin Sun, ɗaya daga cikin waɗanda su ka kafa ƙungiyar kare 'yancin masu kwamfuta ta EFF a 1990. A zaman farko wasa su ka yi da ambulan: a sa wasiƙa cikin ambulan, a sa ambulan cikin wata, kowa ya buɗe tasa kawai ya miƙa gaba, don a ga yadda saƙo zai ɓad da sawu. Wata marubuciya a cikin su, Jude Milhon, ta yi musu laƙabin tsokana, Cypherpunks, kamar ka ce 'yan tawayen rubutun sirri, sunan ya bi su. Su ka koma haɗuwa wata-wata ranar Asabar a ofishin kamfanin Gilmore, su wuni su na musu, da dare a tafi cin abinci tare. Aƙidar su ita ce kada ka roƙi gwamnati ta ba ka sirri, zauna ka rubuta manhajar da za ta ba ka. A 1993 mujallar Wired ta sa su uku a bangon ta sanye da fararen fuskokin roba.

Gwamnati ba ta yi barci ba. A dokar Amurka ta lokacin, manhajar kulle saƙo makami ce, jerin su ɗaya da tankar yaƙi da makami mai linzami. Ƙarfin makulli ana auna shi da abin da za mu kira haƙora, kowane haƙori ɗaya ya na ninka wahalar fasawa sau biyu. Abin da ya wuce haƙora 40 ba ya fita ƙasar sai da lasin. Na PGP kuwa 128 ne. A watan Fabrairu na 1993 jami'an kwastan su ka ziyarci Zimmermann, aka buɗe binciken fitar da makami ba da izini ba, laifin da ke kai mutum kurkuku na shekaru. Ga kuma kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakar RSA ya na cewa an yi masa sata. Jama'ar sa su ka buɗe asusun biyan lauya, ana turo dala biyar, dala goma. Saƙonnin godiya na zuwa masa daga Latbiya da sauran ƙasashen da su ka fito daga ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, an kuma ba shi labarin 'yan adawar Bama na koyon PGP a daji.

Martanin da su ka mayar shi ne inda labarin ya fi daɗi. Tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati taɓa littafi. Wani injiniya, Phil Karn, ya nemi izinin fitar da littafin Bruce Schneier mai suna Applied Cryptography, aka ce ya fita, ai littafi ne. Ya nemi izinin fitar da faifan fulofi mai ɗauke da rubutun manhajar da ke bayan littafin, harafi da harafi, aka ce a'a, wannan makami ne. Wato dai an ɗauka mutanen waje ba su iya buga keyboard ba kenan! A 1995 maɗaba'ar MIT ta buga dukkan rubutun PGP a matsayin littafi. Adam Back na Ingila ya matse RSA cikin layi uku, aka buga a riguna, wasu har su ka yi zanen sa a fatar jikin su. Ka sa rigar ka hau jirgi, ka zama mai fasa-ƙwaurin makami. A 1997 da sabuwar PGP ta fito, aka buga ta a kundi 12, shafi sama da 6,000, aka aika Turai ta hanyar da doka ta yarda. Wani ɗalibi a Nowe, Ståle Schumacher, ya jagoranci 'yan sa-kai wajen 70, su ka bi shafukan da na'urar sikana, su ka yi ta gyaran kurakurai layi-layi har ta koma manhaja. Shi kuwa Zimmermann, tun a watan Janairu na 1996 aka rufe binciken sa ba tare da an gurfanar da shi ba.

Ana cikin haka, a watan Afrilu na 1993 gwamnatin Bill Clinton ta fito da nata tayin, wata 'yar ƙwayar na'ura mai suna Clipper da za a sa a wayoyi. Za ta kulle maka magana da kyau, amma kwafin makullin na hannun hukumomi biyu na gwamnati, rabi-rabi, sai da izinin kotu za a haɗa. Kamar a ce ka kulle ɗakin ka amma ka ajiye safaya a caji ofis. A 1994 Matt Blaze na kamfanin AT&T ya nuna yadda za a yi amfani da Clipper a kuma hana gwamnatin buɗewa. Zuwa 1996 ta mutu murus. A 1994 ɗin ne kuma mutum wajen 600 daga ƙasashe sama da 20 su ka haɗa ƙarfin kwamfutocin su na wata takwas, su ka warware lambar Gardner, su ka ba da dala 100 ɗin sadaka ga gidauniyar manhajar kyauta. A 1995 Hal Finney ya kulle saƙo da makulli mai haƙora 40 ya ce a gwada, wani ɗalibi a Faransa, Damien Doligez, ya fasa cikin kwana takwas. A 1998 EFF ta ƙera na'ura a kan ƙasa da dala 250,000, ta fasa DES, makullin bankuna mai haƙora 56, cikin awa 56. Wani ɗalibin Berkeley, Daniel Bernstein, ya kai gwamnati kotu, a 1996 Mai Shari'a Marilyn Patel ta ce rubutun manhaja magana ce, kuma magana na da kariya. A watan Janairu na 2000 aka sassauta dokar.

'Yan fim, ga naku kason. Kwaɗon da Hollywood ta sa wa faifan DVD haƙoran sa 40 ne, saboda waccan dokar dai. A 1999 wani yaro ɗan shekara 15 a Nowe, Jon Johansen, da wasu abokan sa biyu da ba a san su ba, su ka saki manhajar da ke buɗe shi. Aka kai shi kotu, ta wanke shi a 2003. Dokar da aka yi don raunana makullin talaka ita ta bar ƙofar manyan kamfanonin fim a sake. Kuma Bram Cohen, wanda ya ƙirƙiri BitTorrent a 2001, hanyar da aka fi satar finafinai da ita shekara da shekaru, daga cikin wannan jama'a ya fito. Furodusan da ya taɓa ganin kwafin fim ɗin sa a baro tun bai mayar da uwar kuɗi ba, ba lallai ya tafa musu ba.

Kada kuma a ɗauka waliyyai ne. Wani daga cikin su, Jim Bell, ya rubuta tsarin yadda za a tara kuɗi a ɓoye don a kashe jami'an gwamnati, ya ƙare a kurkuku. Tim May, wanda ya rasu a 2018, rubuce-rubucen sa na baya cike su ke da ƙiyayyar launin fata, har tsofaffin abokai su ka ja baya. Zagi da gaba su ka cinye zauren, mata ba su da yawa, masu haƙuri su ka watse. Kuma maganar 'yan sanda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kwaɗon da ya kare ɗan jarida shi ke kare mai garkuwa da mutane. Amsar da su ke bayarwa, wadda har yau ban ga wanda ya rushe ta ba, ita ce babu yadda za a yi ƙofar baya da mutumin kirki kaɗai zai bi. A Finlan, Johan Helsingius ya buɗe wata hidimar ɓoye sunan mai aika imel, mutum sama da rabin miliyan na amfani da ita. Amma ya na riƙe da jerin sunayen gaskiya. A 1995 cocin Scientology ta sa 'yan sanda su ka zo da takardar kotu, dole ya ba da suna guda don ya tsirar da saura. A 1996 ya rufe da kan sa.

Babbar kasawar su kuwa ba a kotu ta faru ba. Sun ƙera kwaɗon da sai irin su ke iya dannawa. A 1999 Alma Whitten da Doug Tygar su ka zaunar da mutum 12 masu ilimi, su ka ba su minti 90 su kulle imel da PGP. Huɗu ne kawai su ka iya, uku kuwa su ka aika asirin a buɗe. Bikin sa hannu bai taɓa wuce da'irar 'yan kwamfuta ba. A ƙarshen 2012 Edward Snowden ya nemi ɗan jarida Glenn Greenwald ya sa PGP don ya ba shi labari, har bidiyon koyarwa ya haɗa masa, Greenwald ya ga wahala ya share. Sai Snowden ya juya ga Laura Poitras, mai shirya finafinan gaskiya, wadda yawan tsare ta a filayen jirgi ya riga ya koya mata kulle saƙo. Da ba don 'yar fim ta iya ba, da wataƙila labarin leƙen asirin NSA na 2013 ya bi wata hanyar. Fim ɗin ta, Citizenfour na 2014, wanda ya ci Oscar, kusan rabin sa a ɗakin otal guda aka ɗauka a Hon Kon, amma ya fi Enemy of the State na Will Smith tayar da tsikar jiki, duk da gudun mota da fashe-fashen wancan. Manhajar da su ka yi amfani da ita, GnuPG, ƙanwar PGP ce ta kyauta, kuma a 2015 aka gano mutum guda ne a Jamus, Werner Koch, ke ɗauke da kusan dukkan nauyin ta, kuɗi sun kusa ƙare masa. Sai da labarin ya fita gudunmawa ta zubo. A shekarar ne shi kan sa Zimmermann ya shaida wa 'yan jarida ba ya iya buɗe saƙon PGP a na'urorin da ya ke riƙewa.

Waɗanda su ka kai kwaɗon hannun kowa 'yan baya ne masu irin aƙidar. Moxie Marlinspike da Trevor Perrin su ka tsara dabarar Signal a 2013, wadda ke canza makulli da kowane saƙo ba tare da ka sani ba. A watan Afrilu na 2016 WhatsApp ta kammala saka ta ga mutum biliyan guda. Mai sayar da tumatir a 'Yankaba ya samu abin da aka kusa ɗaure Zimmermann a kan sa, bai cike fom ba, bai je biki ba. Farashin shi ne kamfani ya zama mai shaidar makullin kowa, wato babban ofishin nan da su ka ƙi. Kamfanin ba ya ganin abin da ka rubuta, amma ya san da wa ka yi magana da kuma yaushe, lambar wayar kuwa a Nijeriya an ɗaure ta da lambar NIN. Rigimar ma ba ta mutu ba: FBI ta kai Apple kotu a 2016 kan buɗe wayar wani ɗan ta'adda, a 2025 kuma Apple ta janye wani tsarin kulle ajiya daga Birtaniya saboda matsin gwamnati.

Sannan kwaɗon na tsare saƙo ne a kan hanya kawai. Da ya sauka a wayar wancan, sai abin da ya ga dama. Mu a masana'antar nan ba sai an ba mu labari ba. Bidiyon da ya girgiza Kano a 2007, har aka dakatar da shirya fim na watanni, ba wata hukumar leƙen asiri ce ta tare shi a hanya ba, daga waya zuwa waya ya yi ta tsalle ta Bluetooth a hannun mutane.

In ka na son ganin abin da ya rage na wancan biki, buɗe hirar ka da wani a WhatsApp, taɓa sunan sa a sama, ka nemi wajen da aka yi maganar kulle saƙo. Za ka ga lambobi 60 a jere da wani tambari mai murabba'i. An sa su ne don ku haɗu ido da ido, ka karanto naka ya duba nasa, ko ɗaya ya haska tambarin ɗaya da kyamara. In sun yi daidai, babu kowa a tsakanin ku.